Yadda Abinci Ya Sauka daga Jirgin Sama, Fasinja Ya Bi Sawunsa

A watan Yulin 2016, littafin Michelin, wanda ya shafe shekaru 90 yana raba taurari ga manyan gidajen abinci na duniya, ya ba wata ƙaramar rumfa tauraro a kasuwar Chinatown Complex da ke Singafo. Mai rumfar, Chan Hon Meng, shinkafa yake sayarwa da kaza wadda aka dafa a romon waken suya, faranti ɗaya dalar Singafo 2. Cikin 'yan kwanaki layin masu jira ya kai na sa'o'i, kuma a cikinsu har da baƙin da suka keto teku domin wannan faranti.

Wanda ya rayu a shekarun 1950 ba zai gane wannan lissafi ba. A zamaninsa tikitin jirgin sama na masu hannu da shuni ne, kuma abinci mafi tsada da matafiyi zai ci a tafiyarsa, sau da yawa a cikin jirgin ake ba shi. Yau malamin makaranta a Jakarta ko ma'aikaciyar jinya a Landan na iya hawa jirgin da ko ruwa ba a bayarwa kyauta, domin ya je ya ci abincin gefen titi a wata ƙasa. Abubuwa biyu ne suka kawo wannan sauyi, kuma dukansu a Amurka aka haife su: jirgin araha da ya cire abinci daga cikin farashin tikiti, da makin tafiya da kamfanoni ke kira "mil", wanda ya fara a matsayin tukuici ya ƙare a matsayin kuɗi. Tarihinsu yana nuna inda arahar ta fito, da kuma wanda ke biyan ragowar.

Zamanin da ake gasa da faranti

Tun daga 1938 gwamnatin Amurka ta riƙe ragamar sufurin sama. Hukumar da aka fi sani da CAB ita ke yanke hanyar da kowane kamfani zai bi tsakanin jihohi, ita ke tsayar da farashi, ita ke hana sabon shiga. A matakin ƙasa da ƙasa kuwa, ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA, wadda aka kafa a Habana a 1945, ita ke zama ta daidaita kuɗin tikiti, gwamnatoci su sa hannu. Ko wane jirgi mutum ya hau daga Niyok zuwa Landan, kuɗin ɗaya ne.

Kamfanin da aka hana shi rage farashi dole ya nemi wata hanyar jan ciniki, sai gasar ta koma kan faranti. Pan Am ya ƙulla yarjejeniya da Maxim's, shahararren gidan abinci na Faris, domin ciyar da fasinjojinsa. Ana yanka gasasshen nama a gaban fasinja, ana zuba masa a tangaran.

Lamarin ya kai intaha a 1958. A shekarar ne IATA ta amince da sabon rukunin kujeru masu rahusa a hanyar Tekun Atlantika, bisa sharaɗin ba za a ba masu zama a kai dafaffen abinci ba, sai dai sanwici, wato burodi da ɗan abin haɗi. Kamfanin SAS na ƙasashen Sikandinebiya ya duba al'adar gida, inda akan ɗora nama ko kifi tuli a kan yankan burodi ɗaya a ci da cokali mai yatsu, ya ce ai wannan ma sanwici ne. Kamfanonin Amurka suka kai ƙara. Manyan jami'ai suka zauna taro a kan ma'anar sanwici, suka yanke cewa dole ya zama mai sanyi, mara ado, wanda burodi ya rinjaya a cikinsa, kuma banda kayan alfarma irin ƙwan kifi mai tsada. Jaridun lokacin sun yi wa abin dariya, amma rigimar ta tona asirin tsarin gaba ɗaya. Kuɗin da fasinja ke biya ya wuce kuɗin kai shi inda za shi, kuma rarar ce ake mayar masa a faranti, ko yana so ko ba ya so.

Ƙullin gyaɗa

Dokar CAB tana da ɓaraka ɗaya: ba ta shafi jirgin da bai fita daga jiha guda ba. A Kalifoniya, kamfanin PSA ya fara aiki a 1949 yana jigila tsakanin biranen jihar a farashin da ya yi ƙasa sosai da na manyan kamfanoni. A Teksas, wani ɗan kasuwa mai suna Rollin King da lauyansa Herb Kelleher suka yi rajistar kamfani a 1967 da nufin kwaikwayon PSA. Kamfanoni uku da ke cin kasuwar jihar suka maka su a kotu, aka shafe fiye da shekaru 3 ana shari'a. Sai a ranar 18 ga Yunin 1971 jirgin Southwest na farko ya tashi, da jirage uku ƙirar Boeing 737 da ke zagaya Dallas da Houston da San Antonio.

Talauci ne ya koya wa Southwest dabararsa mafi girma. A 1972 asara ta tilasta masa sayar da ɗaya daga cikin jirage huɗu da ya mallaka a lokacin. Domin jirage uku su yi aikin huɗu, aka ɗora wa ma'aikata nauyin sauke fasinja, share jirgi, loda wasu, a sake tashi cikin minti 10. Jirgi ba ya kawo kuɗi sai yana sama, don haka duk abin da ke tsayar da shi a ƙasa aka yanke. Ƙirar jirgi ɗaya tak ake saye, domin kanikawa da matuƙa su iya aiki a kowanne. A wancan lokacin ba a raba lambar kujera. Dafaffen abinci kuwa yana bukatar motar loda shi, da wurin ɗumama shi, da lokacin kwashe kwanuka, sai aka maye gurbinsa da ƙaramin ƙullin gyaɗa. Gyaɗar ta zama tambarin kamfanin har zuwa Agustan 2018, lokacin da aka daina raba ta saboda fasinjojin da jikinsu ba ya ɗaukarta.

A ɗaya gefen Atlantika, Freddie Laker ya shafe shekaru yana kokawa da hukumomin Birtaniya da na Amurka kafin su bar shi ya fara abin da ya kira Skytrain. A ranar 26 ga Satumban 1977 jirginsa ya tashi daga Gatwick zuwa Niyok a kan fam 59. Mai son abinci ya biya daban, ko ya zo da nasa daga gida. Manyan kamfanoni suka karya farashinsu don su shaƙe shi, darajar fam ta faɗi alhali bashinsa na dala ne, kuma a Fabrairun 1982 kamfanin ya durƙushe da bashin kimanin fam miliyan 270. Laker ya faɗi, amma ya riga ya nuna cewa akwai dubban mutane da za su yarda su ƙetare teku da yunwa muddin tikitin ya zo daidai aljihunsu.

'Yan siyasar Amurka sun ga bambancin farashi tsakanin Kalifoniya da sauran ƙasar. Sanata Edward Kennedy ya jagoranci zaman sauraron bahasi a 1975, Shugaba Jimmy Carter ya naɗa masanin tattalin arziki Alfred Kahn shugaban CAB a 1977, kuma a ranar 24 ga Oktoban 1978 Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kasuwar mara. Zuwa farkon 1985 hukumar kanta ta daina wanzuwa. Sabbin kamfanoni irin People Express suka fara karɓar kuɗi daban a kan jaka da abin taɓawa. Tsofaffin ma suka shiga tsimi. Har yau ana ba da labarin cewa shugaban American Airlines, Robert Crandall, ya sa an cire ƙwayar zaitun ɗaya daga kowane farantin salak a 1987, kamfanin ya tsira da dala 40,000 a shekara.

Tukuicin da ya zama kuɗi

Sakin marar ya jefa tsofaffin kamfanoni cikin tsaka mai wuya. Albashinsu ya fi na sabbin shiga, kuma ba za su iya gasa da su a farashi kaɗai ba. Ribarsu tana wurin ma'aikacin da ke tafiya sau 30 ko 40 a shekara, wanda ofishinsa ke biya masa tikiti. Tambayar ita ce yadda za a riƙe shi.

Texas International ya gwada bayar da lada bisa nisan tafiya a 1979, amma shirin da ya kafu shi ne AAdvantage na American Airlines, wanda aka ƙaddamar ranar 1 ga Mayun 1981. Kamfanin ya yi amfani da kwamfutarsa ta ajiyar tikiti, SABRE, ya zaƙulo fasinjojin da suka fi yawan tafiya. Cikin 'yan kwanaki United ya fito da nasa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk mil ɗaya da ka yi a sama, an rubuta maka maki ɗaya, idan makin ya taru, ka karɓi tikiti kyauta.

Hikimar tana cikin yanayin hajar. Kujerar jirgi ta fi tumatir saurin lalacewa, domin da zarar an rufe ƙofa, kujerar da ba kowa a kai ta tafi a banza har abada. Ɗora mutum a kanta ba ya ci wa kamfani komai sai ɗan ƙarin mai da abin sha. Ga fasinja kuwa kyautar ɗaruruwan daloli ce. Sannan ofis ne ke biyan tikiti, ma'aikaci ne ke cin maki, don haka ma'aikacin yana da dalilin liƙe wa kamfani ɗaya ko da wani ya fi araha.

A 1987 Citibank ya fitar da katin bashi da ke ba da makin American a kan kowace dala da aka kashe. Daga nan makin ya rabu da tashi sama. Banki ne ke sayen sa da tsabar kuɗi daga kamfanin jirgi ya raba wa masu kati. Otal-otal da kamfanonin hayar mota da na waya da na abinci suka bi sahu. Kamfanin jirgi ya wayi gari yana buga wani nau'in kuɗi, yana sayar da shi, kuma shi ke yanke abin da kuɗin zai iya saya.

Babu labarin da ya fito da wannan fili kamar na David Phillips, injiniya a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis. A 1999 kamfanin abinci na Healthy Choice ya yi tallar cewa duk wanda ya aiko da lambobin jikin kwalin kayansa guda 10 zai samu mil 500, wanda kuma ya aiko kafin ƙarshen Mayu a ninka masa zuwa 1,000. Phillips ya gano wani kanti da ke sayar da ƙananan kofunan wani abin zaƙi mai kama da kastad a kan kwata ɗin dala, kowane kofi da lambarsa. Ya zagaya rassan kantin ya saye kofuna 12,150 a kan dala 3,140. Masu kanti da suka tambaye shi, sai ya ce tanadi yake yi saboda fargabar da ake yi ta lalacewar kwamfutoci a shiga shekarar 2000. Da ya ga ba zai iya ɓamɓare lambobin shi kaɗai kafin wa'adi ba, ya ba ƙungiyar agaji ta Salvation Army kayan sadaka bisa sharaɗin ma'aikatanta su ɓamɓare masa. Ya tashi da mil 1,253,000, waɗanda suka isa tafiya Turai sau da dama shi da iyalinsa, har kuma ya samu rangwamen haraji a kan sadakar. Mutumin ya tara makin da ya ninka zagayen duniya sau 50 ba tare da ya bar jiharsa ba.

Daga Waterford zuwa Kwala Lamfur

Turai ta yi jinkiri, domin kusan kowace ƙasa tana da kamfanin gwamnati da take karewa. Ryanair ya fara a 1985 da jirgi mai kujeru 15 tsakanin Waterford a Ailan da Gatwick, kuma ya kusa rushewa kafin Michael O'Leary ya je Teksas a farkon shekarun 1990 ya ga yadda Southwest ke aiki. Tarayyar Turai ta buɗe kasuwarta daki-daki, kuma daga Afrilun 1997 kamfanin kowace ƙasar tarayyar ya samu 'yancin jigila a ko'ina cikinta. Kafin nan, a Nuwamban 1995, Stelios Haji-Ioannou ya ƙaddamar da easyJet daga Luton zuwa Glasgow a kan fam 29, yana tallar cewa tikiti bai fi kuɗin wandon jins ba.

O'Leary ya kai darasin Teksas inda 'yan Teksas ba su kai shi ba. Ya nemi ƙananan filayen jirgi da ke ƙishirwar fasinja, irin Beauvais mai nisan kimanin kilomita 85 daga Faris da Hahn mai nisan kimanin kilomita 120 daga Frankfurt, inda kuɗin sauka ba shi da yawa. Tikitin ya koma kuɗin kujera zalla, sauran komai da farashinsa: jaka, zaɓen wurin zama, shayi. A shekarar kasuwanci da ta ƙare a Maris 2024, Ryanair ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 180. Garuruwan da a da sai mai mota da dogon hutu ke isa gare su, irin Bolonya da Porto, suka zama wuraren da ɗan Landan zai je ranar Juma'a ya ci abinci ya dawo ranar Lahadi.

A kudu maso gabashin Asiya ne tsarin ya fi dacewa da ƙasa, domin yanki ne na tsibirai da tsaunuka inda mota ba ta wadatar. A 2001 Tony Fernandes, tsohon jami'in kamfanin waƙoƙi na Warner, tare da abokinsa Kamarudin Meranun, suka sayi AirAsia a kan ringit 1, kuɗin Maleshiya, suka gaji bashin ringit miliyan 40 da jirage biyu. Takensu shi ne cewa yanzu kowa na iya hawa jirgi. Cikin 'yan shekaru Kwala Lamfur ta zama mahaɗar da ake tashi daga ita zuwa Penang, inda Musulmi 'yan asalin Indiya suka yi suna da shinkafar nasi kandar, da Bankok da Hanoi da Singafo, a kan kuɗi kaɗan.

AirAsia ya mayar da abinci cikin jirgi, amma na sayarwa. Shinkafarsa ta nasi lemak, wadda ake dafawa da madarar kwakwa a haɗa da miyar barkono da gyaɗa da ƙwai, ta samu karɓuwa har kamfanin ya buɗe gidan abinci mai suna Santan a wani babban kanti na Kwala Lamfur a Disamban 2019, yana sayar da abincin jirgi ga mutanen da ba tafiya za su yi ba. Shekaru 61 bayan rigimar sanwici, farantin da aka taɓa ɓoye kuɗinsa a cikin tikiti ya zama haja mai zaman kanta.

Masu nuna hanya, da masu karɓar baƙi

Tafiya don abinci ta girmi jirgin araha, kuma tun asali masu sayar da sufuri ne suka ƙirƙiro tallarta. 'Yan'uwa biyu masu kamfanin taya, André da Édouard Michelin, suka fara buga littafinsu a 1900 domin masu mota a Faransa su yawaita tafiya, taya ta ƙare, su sayi sabuwa. A 1926 aka fara ba gidajen abinci tauraro, kuma ma'anar taurari uku a tsarin littafin ita ce wurin ya cancanci a yi tattaki na musamman dominsa. Abin da jirgin araha ya yi shi ne faɗaɗa wannan tattaki daga ɗaruruwan kilomitoci zuwa dubbai, da sauko da shi daga attajiri zuwa mai albashi.

Talabijin ya ƙara wa wutar mai. A Mayun 2016 Anthony Bourdain ya zauna da Shugaba Barack Obama a kan kujerun roba a wani ƙaramin gidan abinci na Hanoi, kuɗin abincinsu ya kama dala 6. Daga baya masu gidan suka rufe teburin da gilashi saboda masu zuwa kallo. A Disamban 2017 littafin Michelin na farko na Bankok, wanda hukumar yawon buɗe ido ta Tailan ta tallafa wa fitowarsa, ya ba Jay Fai tauraro, wata dattijuwa da ke soya wainar ƙwai da naman ƙaguwa a kan garwashi tana sanye da tabarau na kare ido. A 2020 UNESCO ta sanya al'adar rumfunan abinci na Singafo cikin jerin kayan gadon bil'adama.

Sai dai baƙo da yawa yana da nauyinsa. Jay Fai ta faɗa wa 'yan jarida cewa da za ta iya da ta mayar da tauraron, saboda cunkoso da masu zuwa ɗaukar hoto kawai. A Barselona, kasuwar La Boqueria ta cika da masu kallo har mazauna garin suka rasa hanyar yin cefane, kuma a 2015 hukumar birnin ta hana ayarin baƙi fiye da mutum 15 shiga a ranakun da kasuwa ta fi ci. Chan Hon Meng ya haɗa hannu da wani kamfani ya buɗe rassa a ƙasashe da dama, sannan a 2021 Michelin ya janye tauraronsa. Akwai kuma hayaƙin da gajerun tafiye-tafiye ke ƙarawa, wanda ya sa Faransa a 2023 ta haramta wasu hanyoyin jirgi na cikin gida inda jirgin ƙasa ke kaiwa cikin ƙasa da sa'o'i biyu da rabi.

Wa ke biyan tikitin kyauta?

Har zuwa shekarun 2010, mai wayo na iya sayen tikiti mai arha na doguwar tafiya ya tara maki daidai da wanda ya biya ninki biyar. Wasu kan hau jirgi su je su dawo ba don komai ba sai makin. A 2015 Delta da United suka sauya ƙa'ida, American ya bi su a 2016: makin ya koma bin kuɗin da aka biya maimakon nisan da aka yi. Sunan "mil" ya rage, amma ma'auninsa ya zama dala. Kamfanoni da dama kuma suka daina buga jadawalin da ke nuna yawan makin da tikiti ke ci, don haka farashin na iya tashi ba sanarwa.

Annobar korona ce ta fito da ainihin darajar abin. A tsakiyar 2020, jirage na ajiye a ƙasa, United ya nemi bashi, kuma abin da ya jingina shi ne shirinsa na MileagePlus. Ya karɓi dala biliyan 6.8, kuma a takardunsa ya ƙiyasta darajar shirin da kusan dala biliyan 22, wato kusan ninki biyu na darajar kamfanin baki ɗaya a kasuwar hannun jari a lokacin. Delta ya ciwo biliyan 9 da nasa, American ya ciwo biliyan 10 a 2021. A 2023 kaɗai Delta ya karɓi kimanin dala biliyan 6.8 daga American Express.

Bankin kuma yana samo kuɗin ne daga kason da yake yanka a kan mai kanti duk lokacin da aka biya da kati, da ruwan da ke hawa kan masu kati da suka kasa biya a kan lokaci. Mai kanti yana zuba nasa kason cikin farashin kaya, wanda kowa ke biya, har da mai biya da tsaba da ba ya samun maki ko ɗaya. Wannan ne ya sa wasan maki ya fi ƙarfi a Amurka, inda kason ya kai wajen kashi 2 cikin 100, fiye da Tarayyar Turai, wadda ta taƙaita shi zuwa kashi 0.3 a 2015. Matafiyin da ya isa Bankok da maki ya yi dabara, amma wani ɓangare na tikitinsa ya fito ne daga aljihun mutanen da ba su taɓa hawa jirgi ba. Shi kansa kuma yana riƙe da kuɗin da mai buga shi ke iya karya darajarsa cikin dare, shi ya sa masu ƙwarewa a harkar ke kashe makinsu da wuri maimakon su adana.

Sararin da bai buɗe ba

Duk inda jirgin araha ya kafu, doka ce ta fara buɗe masa ƙofa: 1978 a Amurka, 1997 a Turai. Afirka ma ta rubuta tata dokar. A Nuwamban 1999 ƙasashe 44 suka amince da Matsayar Yamusukuro ta buɗe sararin samaniyar nahiyar ga kamfanonin juna, kuma a Janairun 2018 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Adis Ababa da ƙasashe 23, ciki har da Nijeriya. Aiwatarwa ce ta gagara. Gwamnatoci na ci gaba da kare kamfanoninsu, haraji da kuɗin filin jirgi sun yi wa tikiti nauyi, man jirgi na da tsada, kuma kayan gyara da dala ake saye alhali fasinja da naira ko sefa yake biya. Air Afrique ya rushe a 2002, Nigeria Airways ya bi shi a 2003. Fastjet, wanda ya fara a Darussalam a 2012 da burin zama easyJet na Afirka, ya rasa reshensa na Tanzaniya kafin ƙarshen 2019. Inda tsarin ya tsaya da ƙafafunsa, kamar FlySafair a Afirka ta Kudu da Jambojet a Kenya, galibi a hanyoyin cikin gida ne. Nahiyar da ke ɗauke da kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen duniya ba ta kai kashi 3 na zirga-zirgar sama ba.

A Kano jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, a 1925. Bayan shekaru 100, mutumin Kano da ke sha'awar ceebu jën, dafa-dukar shinkafa da kifi ta Senegal wadda UNESCO ta karrama a 2021, ba ya bukatar biza, amma sai ya bi ta Legas ko Abuja, sau da yawa kuma ya sake canza jirgi a Lome ko Abijan, ya biya abin da ɗan Landan zai je Bolonya da shi sau da dama. A taronsu na Disamban 2024 a Abuja, shugabannin ECOWAS sun amince da soke wasu haraji da rage wasu kuɗaɗen filin jirgi da kashi 25 cikin 100 daga Janairun 2026. Matsayar Yamusukuro ma da irin wannan sa hannu ta fara, don haka farashin tikitin Kano zuwa Dakar ne zai nuna ko wannan karon takarda ta zama aiki.